Roquefort: ƙauyen da arzikinsa ke cikin kogo, mutanensa kuma sai raguwa suke

A kudancin Faransa, cikin jihar da ake kira Aveyron, akwai wani ɗan ƙauye da ya maƙale a gindin dutse, sunansa Roquefort-sur-Soulzon. Mutanen da ke kwana su tashi a cikinsa ba su kai 600 ba, faɗin ƙasarsa gaba ɗaya bai wuce murabba'in kilomita 17 ba, babban titi ma ɗaya ne tal ya ratsa shi, gidaje a jere a gefe kamar an manna su da jikin dutsen. Amma duk wani cuku mai suna Roquefort da za ka gani a kanti, ko a Faris ne ko Madrid ko New York, to sai da ya kwana a ƙarƙashin wannan titin kafin ya fito kasuwa. Ba al'ada ba ce kawai, doka ce, kuma kotu ta sha hukunta mutane a kanta.

Abin da ya ja hankalina a lamarin ƙauyen nan shi ne, mutanen sun yi nasarar da ƙauyuka kaɗan ne suka taɓa yi a duniya, sun ɗaure sunan kayansu da ƙasarsu ta yadda ba mai iya ɗauke shi ya kai wani wuri. To amma riƙe suna daban, riƙe kuɗin da sunan ke kawowa daban, kuma a nan ne gizo ke saƙa.

Bari mu fara da ƙasar, don ita ce ta jawo komai. Yankin nan suna kiransa Causses, wato wasu manyan tuddai ne masu shimfiɗaɗɗen kai, duk dutsen farar ƙasa. Mafi shahara a cikinsu shi ne Larzac, faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,000, tsayinsa daga mita 600 zuwa 900 sama da teku. Ruwan sama na sauka a wajen ba laifi, matsalar ita ce dutsen duk tsage yake, ruwan na taɓa ƙasa sai ya zurare ya tafi can ciki, ka yi ta tafiya a saman tudun ba rafi ba ƙorama, sai gajeriyar ciyawa da ƙaya da duwatsu barbaje ko'ina. Hunturu ga iska mai shiga ƙashi, lokacin zafi kuma ciyawar ta ƙone. Shi ya sa tun kaka da kakanni makiyayan wajen ke haƙa 'yan tafkuna zagayayyu su daɓe su da yumɓu da dutse don tare ruwan sama, lavogne suke ce musu, nan dabbobi ke sha. Irin wannan ƙasa saniya ba ta jin daɗinta, alkama ma sai a 'yan kwaruruwan da ƙasa ta taru. Tunkiya ce ke iya zama, ita da ke tsintar abinci a tsakanin duwatsu ta ƙoshi. Kaga kenan ba wayo ne ya sa suka zaɓi tumaki ba, ƙasar ce ba ta ba su wani zaɓi ba.

Shi kuma ƙauyen yana gefen Larzac ta yamma, wajen kilomita 25 daga garin Millau, kusa da wani ƙaramin gari Saint-Affrique. Soulzon ɗin da ke cikin sunansa wata 'yar ƙorama ce da ke wucewa ta ƙasan ƙauyen. Dutsen da ke kansu sunansa Combalou. Tun zamanin da ba a fara rubuta tarihi ba wani ɓangare na dutsen nan ya rufta, manya-manyan duwatsu suka zube kan juna, tsawon wajen kilomita 2 faɗin mita 300. A tsakanin duwatsun sai aka samu koguna, da wasu tsagogi siririya da ke bi ta ciki har su ɓulla waje, su ne ake kira fleurines. Iska na shiga ta tsagogin nan ta ratsa jiƙaƙƙen dutse ta fito cikin kogon da sanyi da laima, kusan yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa ba tare da wuta ba. Rani da damina zafin cikin kogon bai cika wuce digiri 8 zuwa 10 ba, laima kuma wajen kashi 95 cikin 100. Har yau masu kula da kogunan buɗe ƙofofin tsagogin suke su rufe gwargwadon yadda suka ji iskar, aiki ne na gwaninta da ake koya a hannun wanda ya daɗe a ciki.

Wannan sanyi da laima shi ne abin da wata irin fumfuna ke so, masana na kiranta Penicillium roqueforti, ita ce ke yin shuɗi-shuɗi da kore-koren nan a cikin cukun. Eh, fumfuna ake ci, kuma da gangan ake saka ta. Wanda bai saba ba zai iya ja da baya don ga wari ga gishiri, amma su a wajensu abin marmari ne mai tsada. Akwai tatsuniyar da suke ba 'yan yawon buɗe ido, wai wani saurayi makiyayi ne ya bar burodi da cuku a kogo ya bi wata budurwa, da ya dawo bayan watanni ya tarar cukun ya yi shuɗi, ya ɗanɗana ya ji daɗi. Tatsuniya ce dai. Abin da yake tabbas shi ne a da kan burodin wani hatsi dangin alkama ake renon fumfunar, a ajiye burodin a kogo har ta cinye shi, a busar a niƙa ya zama gari a barbaɗa. Wasu ƙananan gidajen har yanzu haka suke yi, manyan kuma a ɗakin gwaji suke renon tasu.

Yadda ake yin cukun kuwa, madarar tunkiya ce ɗanya, ba a dafa ta ba kuma ba a cire mata mai ba, sannan dole tunkiyar ta zama irin da ake kira Lacaune. Ana daskarar da madarar a yanka ta gutsi-gutsi a tsane ruwan, a zuba a mazubi, a shafe da gishiri na 'yan kwanaki, sannan a sossoke dunƙulen da dogayen allurai don iska ta samu hanyar shiga, in ba iska fumfunar ba za ta yi girma ba. Kowane dunƙule na kai kilo 2.5 zuwa 3 kuma yana cin madara wajen lita 12. Duk wannan ana iya yinsa a masana'antun da ke warwatse a yankin. Amma daga nan dole a loda shi a mota a kawo ƙauyen, a jera a kan katakai a cikin kogo aƙalla kwana 14 a buɗe, sannan a naɗe shi da takardar kuza a rage wa fumfunar ƙarfi ya ci gaba da nuna a hankali cikin sanyi. Ba ya fita kasuwa sai ya cika kwana 90 ko fiye. Kogunan yanzu ba ramuka ba ne kawai, an gina su hawa-hawa zuwa ƙasa, akwai mai hawa 11. Aikin naɗewar nan tun da can na mata ne, cabanières ake ce musu, sun yi zamani suna wuni a tsaye cikin sanyi da laima, da yawansu 'yan mata ne daga ƙauyukan kewaye da ke zuwa aikin kaka su koma. In ana labarin Roquefort an fi ambaton sarakuna da masu kamfani, amma gaskiya a hannun matan nan cukun ya yi suna.

Ta ɓangaren tarihi, tsohuwar takardar da aka fi kafa hujja da ita ta wajajen 1070 ce, inda aka ambaci cukun kogon a cikin wata kyauta da aka yi wa gidan ibadar Conques. A ƙarni na 12 mayaƙan coci da ake kira Templiers suka mallaki yawancin Larzac suka tsara kiwo da noma a wajen, garuruwansu masu ganuwa irin su La Couvertoirade da Sainte-Eulalie-de-Cernon na nan har gobe. Sai 1411, lokacin da sarki Charles na 6 ya ba mutanen Roquefort takardar da ta ce su kaɗai ke da haƙƙin nunar da cukun a kogunansu. Sarakunan da suka biyo baya suka yi ta sabunta ta. A 1666 babbar kotun Toulouse ta yanke hukuncin tara a kan 'yan kasuwar da ke sayar da jabu da sunan Roquefort. Ka duba fa, sama da shekara 350 da suka wuce ana shari'a kan satar sunan kaya.

Babban juyi ya zo ne a ƙarni na 19. A 1842 wasu masu koguna suka haɗa jari suka kafa kamfani ɗaya, wanda yau ake kira Société kawai. A shekarun 1870 layin dogo ya iso, aka yi tasha a Tournemire da ke ƙasan ƙauyen, cuku ya fara isa Faris da tashoshin jiragen ruwa ba tare da ya lalace a hanya ba. Daga baya ɗakunan sanyi suka zo, aka samu damar ajiye kaya a sayar duk shekara alhali tumaki watanni kawai suke bayar da madara, daga wajen Disamba zuwa Yuli. Akwai wani canji da ba a cika magana a kai ba amma ni a ganina shi ne ya fi komai tasiri. A da matar manomi ce ke yin cukun a gidanta, ta kawo shi fari a nunar mata ko a saya. Wajen ƙarshen ƙarnin kamfanoni suka buɗe wuraren karɓar madara a ƙauyuka, suka ce a kawo madara kawai mu za mu yi sauran. Daga ranar manomi ya tashi daga mai sana'a ya koma mai kawo kayan aiki, kuma wanda ke da kogo shi ke yanka farashi.

Kasuwa ta buɗe har madarar yankin ta kasa, kamfanonin suka tsallaka tsibirin Kosika da tsaunukan Pyrénées suna sayen madarar tumaki, a yi cukun a can a ɗauko shi fari a kawo kogo. Wasu kuma suka fara haɗawa da madarar shanu, wasu na nunar da nasu a wasu kogunan daban su liƙa sunan. Wannan rikici ne ya kai ga dokar 26 ga Yuli 1925, wadda ta sa Roquefort ya zama cuku na farko a Faransa da doka ta kare sunan asalinsa, ta ce madarar tunkiya zalla. A 1930 makiyaya da masu kamfani suka kafa ƙungiya ɗaya ta haɗin gwiwa mai tambarin jar tunkiya, a nan suke zama su daidaita farashin madara su kuma bi masu jabu. A 1961 kotun Millau ta rufe ƙofar gaba ɗaya, ta ce in ba a cikin ruftaccen dutsen Combalou aka nunar da shi ba to ba Roquefort ba ne ko da kuwa madarar da fumfunar duk ɗaya ne. Tarayyar Turai ta ɗora nata hatimin a 1996.

Su ma tumakin an yi aiki a kansu ba kaɗan ba. A farkon shekarun 1960 tunkiya ɗaya ba ta ba da lita 100 a kaka, da hannu ake tatsa, iyali gaba ɗaya su duƙufa safe da yamma. Sai aka shigo da injin tatsa, aka fara rubuta abin da kowace tunkiya ke bayarwa, ana zaɓen raguna mafi kyau ana barbara ta hanyar allura, cibiyar binciken noma ta gwamnati ma ta buɗe gonar gwaji a La Fage nan kusa. Yau tunkiyar Lacaune na ba da wajen lita 300. Da madara ta wadata sai aka daina buƙatar ta Kosika da Pyrénées, aka taƙaita yankin karɓar madara zuwa sassan jihohi shida: Aveyron, Tarn, Lozère, Hérault, Gard da Aude. Su kuma makiyayan Kosika da aka saba saye a hannunsu sai da suka koma neman wata mafita da nasu cukun na gida. Ƙa'idar yin cukun ta kuma ce yawancin abincin tumakin, kashi uku cikin huɗu, dole ya fito daga cikin yankin, kuma dole a fita da su kiwo in dai yanayi ya bari. 'Ya'yan tumakin ana yaye su da wuri a sayar a yi kiwon nama, fatunsu kuwa su ne suka raya sana'ar safar hannu da Millau ta yi suna da ita.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi taɓa ni. A Oktoba 1971 ministan tsaro Michel Debré ya sanar cewa za a faɗaɗa sansanin sojan da ke kan Larzac daga hekta 3,000 zuwa 17,000. A idon gwamnati wajen fili ne na duwatsu da 'yan tsofaffi kaɗan, a biya su diyya su tashi. Manoman suka ce ba inda za su. A Maris 1972 mutum 103 daga cikinsu suka sa hannu a takardar alkawari cewa ba wanda zai sayar wa soja ƙasarsa, suka kuma zaɓi yin gwagwarmayar ba tare da makami ba. Waɗannan fa ba 'yan gwagwarmaya ba ne tun asali, yawancinsu masu zuwa coci ne masu ra'ayin riƙau da ba su taɓa fita zanga-zanga ba. A Oktoba 1972 suka loda tumaki 60 a mota suka kai Faris suka sake su suna kiwo a ƙarƙashin hasumiyar Eiffel, 'yan sanda na ta fama da su, hoton ya zaga ƙasa. A Janairu 1973 suka kama hanyar Faris a kan taraktoci. A 1978 suka taka da ƙafa, sama da kilomita 700. Ɗalibai da ma'aikata da malaman coci suka yi ta tururuwa zuwa tudun, dubun dubata, har garken tumaki suka gina da dutse a cikin filin da soja ke so ba tare da izini ba. Shekara goma cur ana wannan ja-in-ja, sai a 1981 da François Mitterrand ya ci zaɓen shugaban ƙasa ya soke shirin.

Abin da suka yi da ƙasar bayan nan ya fi zanga-zangar muhimmanci a wajena. Gwamnati ta riga ta sayi wasu filaye, sama da hekta 6,000. Maimakon a yanka a sayar wa mai kuɗi, a 1985 aka ba wata ƙungiyar mazauna wajen hayar ƙasar ta dogon zango, su kuma suke ba wa manomi gona da gida ya yi aiki har ya yi ritaya, in ya ajiye aiki a ba wani sabo. Ba ka saya ba, ba ka gadar wa ɗanka, amma kuma saurayin da ba shi da jari na iya samun gona ba tare da ya ci bashin da zai kashe shi ba. A daidai lokacin da ƙauyukan Faransa ke ta zama kufai, wannan ɓangaren na Larzac ya riƙe manomansa.

Daga cikin samarin da suka zo taya gwagwarmaya suka zauna akwai José Bové, wanda ya kama kiwon tumaki a wani ƙauye Montredon. Shi ne ya sake jefa sunan Roquefort cikin labaran duniya. Turai ta hana shigo da naman shanun Amurka da aka yi wa allurar ƙara girma, Amurka ta kai ƙara ƙungiyar ciniki ta duniya ta yi nasara, a 1999 ta rama da ɗora harajin kashi 100 cikin 100 a kan wasu kayan Turai, har da Roquefort. Makiyayin tumaki a Aveyron da bai san hawa ba bai san sauka ba kan rigimar naman shanu, shi aka aika wa takardar biya. Ran 12 ga Agusta 1999 Bové da wasu manoma suka je wani gidan abincin McDonald's da ake kan ginawa a Millau suka kwakkwance shi, suka loda kayan a tarakta suka kai ƙofar ofishin gwamnati. An yanke masa wata uku a gidan yari, daga baya a 2009 ya zama ɗan majalisar Turai. A Janairu 2009 ɗin ma gwamnatin shugaban Amurka Bush tana dab da sauka ta ce za ta ninka harajin zuwa kashi 300, sai da aka yi sulhu bayan 'yan watanni aka janye. Abin da ake kaiwa Amurka ɗan kaɗan ne a cikin abin da ake yi a shekara, amma an zaɓi cukun ne don an san taɓa shi zai yi wa Faransa zafi.

To yanzu wa ke da Roquefort? Gidaje bakwai ne kacal ke da izinin yinsa. Société ita ce babba nesa ba kusa ba, tana riƙe da wajen kashi biyu cikin uku na kasuwar, kuma tun 1992 ta koma hannun iyalin Besnier, masu kamfanin da yau ake kira Lactalis, kamfanin madara mafi girma a duniya, hedikwatarsa na Laval can arewa maso yamma, ɗaruruwan kilomita daga kogon. Papillon, wani tsohon gida, kamfanin Savencia ya saye shi a 2019. Ɗaya na hannun wata babbar ƙungiyar haɗin gwiwar manoma. Sauran huɗun, Carles da Gabriel Coulet da Vernières da Le Vieux Berger, su ne suka rage a hannun iyalai, kuma in ka haɗa su duka ba su kama ƙafar babbar ba. Dokar 1925 da hukuncin 1961 sun hana a ɗauke cukun daga ƙauyen, amma ba inda suka hana mai kuɗi daga nesa ya zo ya sayi kogon da kansa. Abin da ya faru kenan.

Shi ƙauyen ma abin tausayi ne in ka duba lissafin mutane. A shekarun 1960 mazaunansa sun haura 1,000, yanzu ba su kai 600 ba. Ba wai aiki ya ƙare ba ne, masu zuwa aiki da safe sun fi masu kwana a garin yawa. Amma wa zai so zama a gindin dutse ta ɓangaren da rana ba ta cika leƙowa da hunturu ba, manyan motoci na ta kai da kawo a titi ɗaya, ba filin gina sabon gida don ƙasan duk koguna ne? Da mota ta zama ta kowa sai ma'aikata suka koma Saint-Affrique da Millau da ƙauyukan kwari, su zo da safe su tafi da yamma. Injina kuma sun karɓe yawancin aikin da mata ɗaruruwa ke yi da hannu. 'Yan yawon buɗe ido na zuwa sosai, musamman tun da aka buɗe gadar Millau a Disamba 2004, wadda babbar hanyar A75 ke bi ta kanta, tsayinta ya kai mita 343, ga kuma UNESCO da ta saka yankin Causses da Cévennes cikin wuraren tarihi na duniya a 2011 saboda al'adar kiwonsa. Sai dai yawancinsu awa ɗaya biyu suke yi, su shiga kogo su ɗanɗana su sayi dunƙule su wuce, ba a nan suke kwana ba.

Ga makiyaya kuma lissafin ya ƙara rikicewa. Gonaki sama da 1,000 ne ke kawo madara, amma adadin kullum ƙasa yake yi, gonakin da suka rage na ƙara girma, mai gona ya tsufa yaro bai son ɗaukar aikin da ba Lahadi ba hutu. Madarar ta yi yawa har ba duka ake yin Roquefort da ita ba, kaso mai yawa na tafiya wasu cukun daban da ba su kai shi daraja ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 aka ƙayyade wa kowace gona adadin da za ta kawo a farashi mai kyau, rarar kuma a biya ta da araha. Wannan tsari da ake zama teburi ɗaya a yanka farashi wa kowa ya rushe wajajen 2015 saboda dokokin gasar kasuwa na Turai, kowane kamfani ya koma ciniki da nasa makiyayan. Ni dai ban ga yadda makiyayi mai tumaki 400 zai zauna ciniki da kamfanin da ke ƙasashe da dama a ce an yi daidai ba, ƙarfinsu dama a haɗuwar yake.

Kuma dokar kare suna ba ta san na gida ba. Shekaru ana amfani da rarar madarar yankin ana yin farin cuku irin na Girka ana sayar da shi da sunan feta. A 2005 kotun Turai ta ce sunan feta na Girka ne, dole suka cire shi daga kwalayensu. Makamin da suka yi shekaru suna sara da shi ne ya dawo kansu, kuma a gaskiya hukuncin daidai ne, ba za ka hana wasu cin sunanka kai kuma ka ci na wasu ba.

Wannan dabara ta ɗaure suna da ƙasa ba a Turai ta tsaya ba, ta iso har Nijar, inda aka yi wa albasar Galmi da kilishin Nijar rajistar irin wannan kariya a OAPI, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka. Abu ne mai kyau ƙwarai, don an daɗe ana sayar da albasar wasu wurare da sunan Galmi. Amma wanda ke murna da takardar ya kamata ya duba Roquefort ya tambayi wa ke riƙe da rumbun ajiya da mota da hanyar kasuwa, don a can mai kogo ne ya ci riba fiye da mai tunkiya tun ƙarni na 19.

Matsalar da ke gabansu yanzu ita ce mutane sun rage ci. A shekarun 2000 ana yin wajen tan 19,000 a shekara, yanzu ya sauko ƙasa da 16,000. Matasan Faransa sun fi son cuku mai laushin ɗanɗano da za a narka a kan abinci, Roquefort kuma ga ƙarfi ga tsada. Sai ga tsarin tambarin lafiyar abinci na Nutri-Score da ke ba kaya maki daga A zuwa E, ya jefa shi a rukunin ƙarshe saboda gishiri da mai, a 2021 masu yinsa suka fito suna neman a cire su daga tsarin, hujjarsu ita ce doka ta hana su canza yadda ake yinsa balle su rage gishirin. A 2019 kuma Société ta fito da wani shuɗin cuku na madarar tumaki dafaffiya, wanda ba ya shiga kogo kuma ba ya ƙarƙashin dokar Roquefort, mai sauƙin kuɗi, a kwali ɗauke da tambarin da mutane suka saba gani a jikin Roquefort. Makiyaya da dama da Bové suka yi ca, suka ce wannan kishiya ce aka yi wa cukun daga cikin gida. Kamfanin ya ce yana nema wa madarar yankin kasuwa ne a wajen masu sayen da ba sa son mai ƙarfi. Ko wanne ka ɗauka, abin da ke ƙasa shi ne kamfanin na iya samun riba da kogo ko ba kogo, su kuwa ƙananan gidajen huɗu da mutanen ƙauyen ba su da wani abin sayarwa in ba shi ba.

A saman tudun kuma kerkeci ya dawo bayan an yi shekaru masu yawa ba a ganinsa, yana faɗa wa garke, doka kuma ta ba shi kariya, ga fari irin na 2022 da ya ƙone ciyawa tun kafin lokaci alhali an ce yawancin abincin tumaki dole daga yankin zai fito. A 2025 aka yi bikin cika shekara 100 da dokar 1925, kuma abin da ƙungiyar makiyaya da masu kamfani ta fi sa wa gaba shi ne yadda za a jawo matasa su dawo cin cukun, da yadda za a samu masu karɓar gonakin da masu su ke dab da ritaya.